Yadda Kamfanin Tesco Ya Mai da Bayanan Ciniki Jari

Mai ƙaramin kanti a unguwa ya san abokan cinikinsa ɗaya bayan ɗaya. Ya san mai sayen sukari kowace safiya, ya kuma san wanda ba ya leƙowa sai ƙarshen wata. Amma idan kanti ya bunƙasa har ya yi ɗaruruwan rassa, wannan sani yakan ɓace. Matsalar da kamfanin Tesco, mai manyan kantunan kayan abinci a Birtaniya, ya fuskanta ke nan a farkon shekarun 1990, lokacin da kamfanin Sainsbury's ke gabansa a kasuwa.

Matakin farko da Tesco ya ɗauka shi ne tsai da tambaya. Na'urorin karɓar kuɗi na kantunansa suna lissafa duk abin da aka sayar, sai dai ba sa nuna wanda ya saya. To, su wane ne masu sayen, kuma me zai sa su dawo?

Mataki na biyu shi ne samo hanyar tattara amsa. A watan Fabrairu na 1995 kamfanin ya fito da wani kati mai suna Clubcard. Duk wanda ya miƙa katin wajen biya yana samun maki gwargwadon kuɗin da ya kashe, bayan wata uku a aika masa takardar rangwame ta kusan kashi 1 cikin 100. Shi kuwa kamfanin ya sami suna da adireshi da tarihin sayayyar mai katin.

Mataki na uku shi ne nazari, domin tarin alƙaluma ba ya magana da kansa. Tesco ya damƙa aikin ga wani ƙaramin kamfani, dunnhumby, wanda Edwina Dunn da mijinta Clive Humby suka kafa a 1989. Bayanan sun fi ƙarfin kwamfutocin wancan zamani, saboda haka sai suka riƙa nazarin wani kaso kawai, kamar yadda mai sayen hatsi ke ɗibar tafi ɗaya don ya gane abin da ke cikin buhu. Da haka suka kasa masu saye rukuni-rukuni bisa abin da kowa ya saba saya.

Mataki na huɗu shi ne aiki da sakamakon. An riƙa aika wa kowane rukuni rangwamen da ya dace da shi, ana kuma zaɓar kayan kowane reshe bisa bukatun mutanen yankin. A 1995 Tesco ya sha gaban Sainsbury's, wanda ya fito da nasa katin a 1996. Katin ba shi kaɗai ya kawo wannan nasara ba, domin sababbin rassa da kaya masu rahusa sun taimaka. Duk da haka, a 2001 Tesco ya sayi mafi yawan hannun jarin dunnhumby.

Sai dai bayanan mutane amana ce. Kwandon cefane yana iya tona rashin lafiyar mutum ko ƙarancin abin hannunsa. Shi ya sa dokar kare bayanai da Birtaniya ta kafa a 2018 ta bai wa kowa ikon neman ganin abin da kamfani ya ajiye a kansa. Ɗalibin da ke koyon ƙididdiga don irin wannan aiki, wajibi ne ya koyi riƙon amanar tare da lissafin.