Daren Kabewa a Amurka

Ran 31 ga watan Oktoba na kowace shekara, mutanen Amurka suna bukin Halowin, daren da ake wasa da abubuwan ban tsoro. Al'adar ta yaɗu can ne da zuwan mutanen Ailan, waɗanda yunwar da ta soma a 1845 ta kora daga ƙasarsu.

Adon bukin da ake haɗawa a gida ba ya cin kuɗi da yawa. Akan ƙwaƙule cikin kabewa, a yanka mata idanu da haƙora, a kunna kyandir a ciki, a ajiye ta ƙofar gida. Tsohon farin zanen gado, in an huda masa idanu biyu, ya zama fatalwa. Uwargida kuwa ta gasa ƴaƴan kabewar da gishiri, ta tsoma tuffa cikin narkakken sukari, ta dunƙula gugguru.

Yara na bin gida gida kamar ƴan tashe, ana ba su kayan zaƙi. Amma a 1982 mutum 7 suka mutu a yankin Shikago, bayan sun sha maganin Tylenol da aka sa wa guba. Tsoron iyaye ya ƙaru, suka ƙara raja'a ga alewar kanti mai rufi. Yau girkin gida sai dangi da maƙwabtan da aka sani.