Kalmar "katafila" a Hausar Gaya: asali, ma'ana da rubutu

A Gaya, cikin jihar Doso, inda Hausa ke cuɗanya da Dandanci da Zabarmanci, ana kiran babban injin da ke rushe gini da ture ƙasa "katafila". Asalin kalmar sunan kamfani ne, wato Caterpillar, wanda aka kafa a Amurka a shekarar 1925. A Ingilishi sunan yana nufin wata irin tsutsa mai cin ganye, kuma an laƙaba wa injin shi ne saboda yadda yake rarrafe bisa sarƙa.

Sigar kalmar tana nuna hanyar shigowarta. Mai Faransanci yakan furta "r" ta tsakiya da ta ƙarshe, amma a Ingilishin Ingila da na Najeriya ba a jin su. Da yake babu "r" a cikin "katafila", dalili ya fi ƙarfi cewa daga Najeriya aka aro ta, kamar "direba", "tela" da "lauya". Kusancin Gaya da Kamba ta jihar Kabi yana ƙara wa wannan bayani nauyi, duk da cewa Malanbil, a ƙetaren kogin Kwara, ƙasar Faransanci ce.

Ta fannin nahawu, kalmar tamata ce: "katafila ta rushe shago". Jam'inta "katafiloli", bisa tsarin mota da motoci. Ma'anarta ta faɗaɗa har ta haɗa kusan kowane babban injin aikin hanya, ko da wani kamfani ne ya ƙera shi, amma ma'aikata suna bambanta ta da "gireda", mai daidaita ƙasa. Akan kuma yi wa ƙaƙƙarfan ma'aikaci kirari da ita.

Matsalar masu tsara littattafan yaƙi da jahilci ita ce rubutu. A karin harshen yamma "f" takan koma "h" kafin wasalin "i", kamar "tahi" da "hili", saboda haka akan ji "katahila". Mai ilimin boko kuwa yakan maido da "p", harafin da ba ya cikin baƙaƙen asali na Hausa. Tun taron Bamako na 1966 manufa ita ce sauti guda ya sami harafi guda. Ya dace ke nan a tsaya kan "katafila" a rubuce, a bar mai karatu ya furta ta da karin garinsu, domin littafin da aka buga a Yamai ya karantu a Gaya da Sakkwato baki ɗaya.