Monsegur: Kufan da ke Bisa Tsauni

A kudancin ƙasar Faransa, cikin jahar Ariyej, gab da duwatsun Pirene, akwai wani tsauni da ya kai mitir 1207 bisa ga teku, wanda ake hango ganuwar dutse a ƙoƙuwarsa. Sunan wurin Monsegur, watau "amintaccen tsauni" a harshen mutanen yankin. Yau kufai ne, ba rufi ba ƙyaure, amma duk shekara dubban mutane suna hawansa don tunawa da waɗanda aka ƙone a gindinsa.

Waɗannan mutane su ne Katarawa, kuma kada mai karatu ya haɗa su da ƙasar Katar ta Larabawa. Wata ɗariƙa ce ta Kirista wadda ta ce duniyar nan aikin mugun iko ce, ruhu kaɗai ne na Allah. Malamansu, maza da mata, ba su cin nama, ba su rantsuwa. Cocin Roma ta kira su ƴan bidi'a, har Paparoma Inosan na Uku ya sa aka ɗaura musu yaƙi a 1209. Tun wajen 1204 mai wurin, Remon na Perey, ya sake gina kagarar, daga 1232 kuwa ta zama mazaunin shugabanninsu.

Abin da ya jawo mata halaka ya faru cikin watan Mayu na 1242, sa'ad da mayaƙan Monsegur suka sauko garin Abinyone da dare suka kashe alƙalan da coci ta aiko binciken bidi'a. Shekara na kewayowa sai Ug dez Arsi, wakilin Sarki Luwi na Tara a Karkason, ya yi wa tsaunin zobe da dubban dakaru. Na sama ba su wuce ɗari biyar ba, galibinsu ma ba mayaƙa ba ne, amma suka yi wata goma ba su miƙa wuya ba. Sai da wasu gwanayen hawan dutse suka bi ta tsagin gabas cikin duhu, ana tsakiyar sanyi, sa'an nan aka sami wurin kafa babbar majaujawa ta katako mai jifa da duwatsu.

Farkon Maris na 1244 aka yi sulhu, aka ba su kwana 15. Sharaɗin a fili yake: mayaƙa su fita da ransu, wanda ya bar ɗariƙa a yafe masa, wanda ya ƙi kuwa wuta. Abin mamaki, cikin kwanakin nan sai ga mutum wajen ashirin, har da sojoji, sun roƙi a shigar da su sahun malaman, alhali sun san makomarsu. Ran 16 ga Maris aka ƙone fiye da mutum 200 a cikin shingen itace.

To, ga abin da yawancin maziyarta ba su lura da shi ba. Ganuwar da suke shafawa da hannu ba ta Katarawa ba ce. Bayan yaƙi an damƙa wurin ga gidan Lebi, mutanen sarki, su ne suka rushe tsohon gini suka tada wannan, don tsaron iyaka da ƙasar Aragon. Ashe ginin waɗanda suka ci yaƙin ne ake yi wa kuka. Marubuta ma sun ƙara wa labarin gishiri. Bajamushe Oto Ran ya fitar da littafi a 1933 yana danganta wurin da ƙoƙon alfarma na almarar Turawa, abin da, a ganina, bai amfani kowa ba sai masu neman taska.

Ainihin abin da Katarawa suka bari ƙanƙane ne. Tonon da masana suka yi tun daga shekarun 1960 ya fito da harsashin ƴan ɗakunansu a gefen tsauni, wajen ganuwa, tare da dunƙulallun duwatsun da majaujawa ta jefa musu. A ƙasa kuma, bakin hanyar hawa, akwai dutsen tunawa da aka kafa a 1960, a filin da ake kira makiyayar ƙonannu.