Yadda ƙwayoyin halittar jiki ke rabuwa, da dalilin yi wa 'yan mata allurar HPV

A watan Oktoban 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar riga-kafin ƙwayar cutar HPV kyauta, sai jita-jita ta bazu cewa allurar tana hana haihuwa. Gane gaskiyar aikinta yana buƙatar sanin yadda jiki ke sabunta kansa.

Yadda ɗaya ke zama biyu

Jikin ɗan Adam ya ƙunshi tiriliyoyin ƙwayoyin halitta, kuma dukansu daga ƙwaya guda suka samo asali. Kafin ƙwaya ta rabu, sai ta ƙara girma, ta kwafi DNA ɗinta, wato kundin umarnin gado da ke ƙunshe cikin kuromosom 46. Daga nan sai ta jera kwafin a tsakiya, ta ja rabi zuwa kowane gefe, ta tsage gida biyu. Ta haka jariri ke girma, rauni ke warkewa, kuma bangon hanji ke sabuntawa cikin 'yan kwanaki.

Rabuwar tana da shingayen bincike. Idan DNA ya lalace, wani furotin mai suna p53 yakan dakatar da aikin har a yi gyara. Idan gyaran ya gagara, sai ya sa ƙwayar ta halaka kanta.

Inda birki ke tsinkewa

Sankara na farawa ne idan waɗannan shingaye suka rushe, ƙwayoyin suka ci gaba da rabuwa babu tsayawa. Wasu nau'o'in HPV, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa, suna samar da furotin biyu: E6 mai lalata p53, da E7 mai kashe wani birkin da ake kira Rb. Nau'i na 16 da na 18 ne ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa. Gano wannan alaƙa ya sa masanin Jamus Harald zur Hausen ya samu kyautar Nobel a 2008.

Me ya sa tun suna yara?

Allurar tana hana HPV shiga ƙwayoyin jiki ne, ba ta korar wadda ta riga ta shiga, shi ya sa ake yin ta da wuri. Bincike bai nuna tana shafar haihuwa ba. Ga manyan mata kuwa, gwaji ne kariya, domin cutar kan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara, kuma ana iya magance ta kafin nan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mata kimanin 12,000 suka kamu da wannan sankara a Najeriya, kimanin 8,000 suka rasu. Tambayar da ta kamata matasa su yi wa gwamnatocin jihohinsu ita ce: asibitoci nawa ne a karkara ke da allurar da kayan gwajin?