Ganga Ma Jari Ce

Duk wanda ya halarci biki a Unguwar Hausawa ta New Bell ko PK 14 ya san ba makaɗi kaɗai ke komawa gida da kuɗi ba. Maɗinki ya samu, mai hoto ya samu, haka mai goro da mai hayar kujeru. Saboda haka muke ganin kuɗin da gwamnati ta zuba a harkar fasaha jari ne.

Tarihi shaida ne. A 1973 Kamaru ta kafa asusun FODIC don bunƙasa finafinai. A 1976 fim ɗin Muna Moto na Dikongué Pipa, ɗan Douala, ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu. Da asusun ya durƙushe, harkar ta bi shi. A Janairun 2009 aka rufe silimar Wouri a nan, da Abbia a Yaoundé, da Empire a Bafoussam, ma'aikatansu suka rasa abin yi.

Wasu za su ce ai finafinan Kano, tun daga Turmin Danya na 1990, da aljihun matasa suka tashi. Gaskiya ne. Amma masu satar fasaha sun karya kasuwar faifansu, kuma hukuma kaɗai ke da sandar hana ɓarawo.

Buƙatunmu uku ne: bashi mai sauƙi, rangwamen kwastan kan kayan aiki, da kare haƙƙin mai fasaha. Sana'ar da ta tsaya da ƙafarta, ita ce mai biyan haraji gobe. Allah ya sa a ji.