Tarihin Ikilisiyar Sonnenberg: Hijira, Harshe da Rarrabuwar Kai a Karkarar Ohayo

1.0 Gabatarwa

A gundumar Wayne ta jihar Ohayo, a ƙasar Amurka, akwai wani ƙaramin ƙauye na manoma da ake kira Kidron. A gefen wannan ƙauye ne ikilisiyar Sonnenberg take, wadda waɗansu baƙi daga ƙasar Suwizalan suka kafa a tsakanin shekarar 1819 da 1821. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin tarihin wannan ikilisiya, tun daga dalilan da suka raba waɗanda suka kafa ta da ƙasarsu ta haihuwa, zuwa yadda suka tsara rayuwarsu a sabon mazauni, da kuma abubuwan da suka jawo rabuwar kawunansu daga baya. Za a mai da hankali musamman a kan matsayin harshe, domin tarihin ikilisiyar yana nuna yadda wurin ibada kan zama mafaka ta ƙarshe ga harshen 'yan hijira, da kuma yadda harshen kan kuɓuce ko daga wannan mafakar.

2.0 Asalin Ɗariƙar

Waɗanda suka kafa Sonnenberg mabiya ɗariƙar Anabaftis ne, wato masu sake baftisma. Wannan ɗariƙa ta samo asali ne a birnin Zurik, lokacin da waɗansu almajiran malamin nan Ulrich Zwingli suka saɓa da shi a kan yi wa jarirai baftisma. A ganinsu, baftisma alkawari ce da baligi yake ɗauka da hankalinsa, don haka ba ta halatta a kan jaririn da bai san dama da hagu ba. A ranar 21 ga Janairu 1525, Conrad Grebel da Felix Manz da George Blaurock da 'yan'uwansu suka yi wa juna baftisma a wani gida a birnin. Hukuma ta ɗauki wannan a matsayin tawaye, domin a wancan zamani coci da gwamnati abu guda ne, kuma ta hanyar baftisma ake shigar da jariri cikin jama'ar ƙasa. A watan Janairu 1527 aka nutsar da Manz a kogin Limmat.

A cikin wannan shekara ta 1527 ne shugabanninsu suka taru a Schleitheim, suka tsara aƙidarsu cikin matakai bakwai. Daga ciki akwai baftismar baligai, da ƙaurace wa mai laifin da ya ƙi tuba, da ƙin ɗaukar makami, da ƙin yin rantsuwa. Matakai biyu na ƙarshe su ne suka fi tayar wa mahukunta hankali, domin talakan da ba zai yi rantsuwar biyayya ba, ba kuma zai fita yaƙi ba, a idon masu mulki ba shi da maraba da maci amana. Daga baya aka riƙa kiran yawancin mabiyan da sunan Menonayit, saboda wani limamin Katolika ɗan ƙasar Holan mai suna Menno Simons da ya shiga cikinsu a 1536.

3.0 Daga Emmental zuwa Duwatsun Jura

Ɗariƙar ta yi jijiya a tsakanin manoman kwarin Emmental, a yankin Bern. Gwamnatin Bern ta shafe fiye da shekara ɗari biyu tana ƙoƙarin kawar da su. Ta kafa hukuma ta musamman domin sha'aninsu, ta ɗauki mafarauta masu kama su a biya su lada, ta ƙwace gonaki, ta tsare mutane a kurkuku irin na gidan sarautar Trachselwald, ta kuma kori ɗaruruwa zuwa ƙasashen waje, musamman a 1671 da 1711. Har wa yau, a 1693 wata rigima ta cikin gida ta raba su biyu: ɓangaren Jakob Ammann, wanda ya tsananta a kan ƙaurace wa masu laifi, shi ne ya zama Amish, shi kuwa ɓangaren Hans Reist ya fi sassauci. Mutanen Emmental mafi yawansu Reist suka bi, kuma daga cikinsu ne kakannin mutanen Sonnenberg suka fito.

Da wuya ta yi wuya, iyalai da dama suka haura zuwa duwatsun Jura, waɗanda a lokacin suke ƙarƙashin mulkin bishop na Basel. An ƙyale su su zauna, amma a kan tuddai masu sanyi da duwatsu, inda 'yan ƙasa ba su damu da nomawa ba, kuma mafi yawansu haya suke yi, ba su mallaki ƙasa ba. Suka shahara da kiwon shanu da yin cuku da saƙa. Ibadarsu kuwa a gidaje suke yin ta, wani lokaci ma a cikin kogo ko ƙarƙashin gada. Ɗaya daga cikin tuddan da suka zauna shi ake kira Sonnenberg da Jamusanci, ma'anarsa dutsen rana. A nan suka zama tsibirin masu jin Jamusanci a tsakiyar masu jin Faransanci, suka kafa makarantunsu don kada 'ya'yansu su rasa harshen ibada. Ke nan tun kafin su ga Amurka sun riga sun saba da ɗaukar harshe a matsayin katangar da ke tsare addini.

4.0 Dalilan Hijira zuwa Amurka

Abubuwa uku ne suka haɗu suka tura su ƙetaren teku. Na farko shi ne sha'anin soja. Bayan juyin juya halin Faransa, yankin Jura ya faɗa hannun Faransawa, kuma yaƙe-yaƙen Napoleon sun kawo tilasta wa samari shiga soja, abin da ya ci karo da aƙidarsu. Na biyu, taron Biyana na 1815 ya miƙa yankin Jura ga Bern, wato gwamnatin da kakanninsu suka guje wa. Na uku shi ne yunwa. Aman wutar dutsen Tambora na ƙasar Indonesiya a 1815 ya turnuƙe sararin sama da toka, har shekarar 1816 ta zo wa Turai da sanyi da ruwan sama marar yankewa. Amfanin gona ya lalace, abinci ya yi tsada, kuma ɗan haya da ke kan tudu shi ya fi kowa ɗanɗana kuɗarsa.

Ana cikin haka sai wasiƙun wani ɗan'uwansu mai suna Benedict Schrag, wanda ya riga su ƙaura zuwa Ohayo, suka fara isowa, suna ba da labarin ƙasa mai albarka da araha da 'yancin ibada. A 1819 iyalai huɗu suka tashi, a ƙarƙashin Peter Lehman da Ulrich Lehman da Isaac Sommer da David Kirchhofer. Suka shiga jirgin ruwa a Faransa, suka sauka a New York, sannan suka ratsa jihar Pennsylvania ta ƙasa har gundumar Wayne. Ya kamata a lura cewa ƙasar da suka saya daga gwamnati ba kango ba ce tun asali. Mazaunin ƙabilun asali ne irin su Wyandot da Lenape, waɗanda yarjejeniyar Fort Industry ta 1805 ta raba su da ita. Waɗanda aka kora daga gonakin Emmental sun samu mafaka ne a ƙasar da aka kori waɗansu.

5.0 Kafa Ikilisiya da Tsarinta

Baƙin suka raɗa wa sabon mazauninsu sunan tsohon tudunsu, Sonnenberg. A 1821 wani ayari ya biyo baya, cikinsu har da Bishop Hans Lehman, kuma zuwansa ne ya ba da damar tsayar da ikilisiya sosai, domin bishop ne kaɗai ke yin baftisma da ɗaura aure da jagorancin jibin Ubangiji. Dokar filaye ta 1820 ta rage farashin ƙasar gwamnati zuwa dala 1.25 a kan kowace eka, abin da ya sa mutumin da ya tashi ɗan haya ya zama mai gonar kansa. Labari ya koma Jura, ayari ya riƙa bin ayari. Sonnenberg ta zama zango, inda baƙi kan sauka su huta kafin su wuce su kafa waɗansu matsugunai, kamar na yankin Bluffton a Ohayo da na Berne a jihar Indiyana.

Shekaru goma sha uku ana yin sujada gida-gida, kamar yadda aka saba a Jura. Sai a 1834 aka gina majami'a ta farko da gumagumai. Da jama'a ta ƙaru aka gina wata a 1861, aka kuma sake gina wata a 1907. Ginin ba shi da hasumiya ko ado, maza suna zama gefe guda, mata gefe guda, ana rera waƙoƙi ba tare da kayan kiɗa ba.

Shugabancin ikilisiya hawa uku ne: bishop, da mai wa'azi, da dikon mai kula da matalauta. Babu wanda ake biya albashi, babu kuma wanda ya je makarantar tauhidi. Idan gurbi ya samu, jama'a kan ba da sunayen waɗanda suka ga sun dace, sai a jera littattafai daidai adadinsu, a ɓoye takarda a cikin ɗaya. Wanda ya ɗauki mai takardar shi ne zaɓaɓɓe har ƙarshen ransa. Hujjarsu ita ce yadda aka zaɓi Matiyas ta hanyar ƙuri'a a Littafin Ayyukan Manzanni. Wannan tsari ya hana neman muƙami, amma kuma ya kan ɗora nauyin jama'a a kan manomin da ba lalle ne yana da baiwar magana ko ta sulhu ba.

6.0 Harshe da Rarrabuwar Kai

A ƙarni na 19 mutumin Sonnenberg yana rayuwa da harsuna uku. A gida da gona yana magana da karin Jamusancin Bern, a majami'a yana karanta Littafi Mai Tsarki da daidaitaccen Jamusanci, a kasuwa da ofishin gwamnati kuma yana lallaɓawa da Ingilishi. Muddin aure da ciniki suna gudana a cikin jama'ar, wannan rabon aiki bai girgiza ba. Haka kuma ikilisiyar ta ƙi shiga kowace babbar ƙungiyar Menonayit ta Amurka, ta zauna da gashin kanta.

Ɓaraka ta farko mai girma ta faru a 1886. Waɗansu mambobi suna son makarantar Lahadi da aikin mishan da ilimi mai zurfi, irin ra'ayoyin da makarantar Menonayit ta Wadsworth, wadda ta yi aiki daga 1868 zuwa 1878 ba nisa da su, ta yaɗa. Da shugabanni suka ƙi, sai suka fita suka kafa ikilisiyar Salem.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙara dagula lamarin. Da Amurka ta shiga yaƙin a 1917, mutanen da ke jin Jamusanci kuma suke ƙin ɗaukar makami suka zama abin zargi ta fuska biyu. A 1919 jihar Ohayo ta yi dokar hana koyar da Jamusanci a ƙananan azuzuwa. Kotun Ƙoli ta Amurka ta rushe irin waɗannan dokoki a 1923, amma aikin gama ya gama. Yaran da suka tashi a makarantun gwamnati suna jin karin gida, amma ba sa iya karanta Jamusancin littafi. Wa'azi ya zama sauti mai daraja wanda ma'anarsa ke wuce su. Dattawa suna ganin barin Jamusanci shi ne rushe katangar da ta tsare su tun daga Jura, su kuwa iyaye matasa suna ganin riƙe shi zai kori 'ya'yansu zuwa waɗansu majami'u.

Wannan taƙaddama, haɗe da saɓani a kan tsananin horon ikilisiya da batun shiga babbar ƙungiya, ita ta haifar da rabuwar 1936, lokacin da jama'a masu yawan gaske suka fita suka kafa ikilisiyar Kidron. Abin lura shi ne, ɓangaren da ya tsaya bai iya tsare harshen ba shi ma. Sannu a hankali Ingilishi ya mamaye sujada a Sonnenberg, kuma a 1952 ta bar zaman kaɗaici ta shiga ƙungiyar Menonayit ta Virginia. Maƙwabtansu Amish na gundumomin Wayne da Holmes kuwa sun riƙe nasu karin har yau, domin sun taƙaita cuɗanya da waje, suna kuma tafiyar da yawancin makarantunsu da kansu. Wannan bambanci yana nuna cewa majami'a ita kaɗai ba ta isa ta raya harshe ba idan makaranta da sana'a sun koma wani harshen.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi sawun ikilisiyar Sonnenberg daga Zurik ta 1525 zuwa Emmental, daga nan zuwa Jura, sannan zuwa Ohayo. An ga cewa tsanantawa ta haɗa kan jama'ar ta kuma ƙarfafa harshensu, yayin da 'yanci da wadata suka zo da tambayoyin da suka raba su. Abin da ya wanzu shi ne aƙidar baftismar baligai da ƙin yaƙi, da sunayen iyalai irin su Lehman da Sommer da Amstutz da Nussbaum da Gerber. James O. Lehman ya rubuta tarihin jama'ar a 1969, shekarar da suka cika shekara 150 da zuwa, kuma an ɗauke ginin 1907 zuwa wani filin adana kayan tarihi kusa da Kidron. A Suwizalan kuwa, cocin Zurik ya nemi gafarar Anabaftis a 2004, aka kafa allon tunawa da Felix Manz a bakin kogin Limmat, kuma a 2017 wani ɗan majalisar zartarwar Bern ya nemi irin wannan gafara da sunan gwamnatinsa.