Yadda Aka Sayar wa Mutanen Springfield Jirgi Mai Dogo Ɗaya

Galibin mutane, idan suka ga zane mai motsi a akwatin talabijin, sukan ɗauka abin rarrashin yara ne, alhali kuwa a ƙasar Amurka akwai wani nau'insa da aka tsara musamman domin manya, ana nuna shi da daddare, ana kuma zolayar sarauta da dukiya da zaman aure a cikinsa ta hanyar da yaro ba zai fahimci ko rabinta ba. Mafi shahara a wannan fanni shi ne The Simpsons, wanda mai zane Matt Groening ya ƙago, ya fara fitowa gutsi-gutsi cikin shirin Tracey Ullman a 1987, sa'an nan tashar Fox ta mai da shi shiri mai zaman kansa ran 17 ga Disamba, 1989. Labarin wani gida ne a wani gari na ƙage mai suna Springfield: maigida Homer, malalaci mai kwaɗayi, ma'aikaci a tashar lantarki ta nukiliya, uwargida Marge, mai haƙuri da sanin ya kamata, da 'ya'yansu uku, Bart da Lisa da jaririya Maggie.

Kashin da za mu duba shi ne na 12 a zango na huɗu, mai suna Marge vs. the Monorail, wanda aka fara nunawa ran 14 ga Janairu, 1993. Conan O'Brien ne ya rubuta shi, Rich Moore ya ba da umarni.

Asalin al'amarin tara ce. An kama attajirin garin, Mista Burns, mai tashar nukiliya, yana ɓoye gurɓatacciyar sharar tasharsa a lambun shaƙatawa na jama'a, alƙali ya ci shi tarar dala miliyan 3, ya biya nan take kamar ba kuɗi ba. Sai aka tara mutanen gari a zauren shawara domin a yanke abin da za a yi da wannan dukiya da ta faɗo wa baitulmali ba zato. Tun ba a je ko'ina ba magajin gari, Quimby, ya ambaci miliyan 2, sai da aka yi masa gyara. Apu mai kanti ya nemi a ƙara 'yan sanda saboda yawan harbinsa da 'yan fashi suke yi. Shi kansa Burns ya zo da gashin baki na ƙarya, yana ba da shawara a mayar wa tashar nukiliya kuɗin. Daga ƙarshe Marge ta miƙe ta ce babban titin gari ya cika da ramuka, a gyara shi. Kuma da yake magana ce wadda kowa ya san gaskiyarta, har jama'a sun karkata gare ta.

A daidai wannan lokaci ne wani baƙo mai hular ciyawa da zaƙin baki, Lyle Lanley, ya yi magana daga ƙarshen zaure, kuma hanyar da ya bi ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce zuciyar kashin duka. Bai fara da yabon hajarsa ba. Ya nuna yana da wata shawara, sa'an nan ya yi kamar ya fasa, ya juya zai fita, yana cewa abin ya fi dacewa da mutanen Shelbyville, watau garin maƙwabta wanda Springfield ke gaba da shi tun kaka da kakanni. Nan da nan magajin gari ya tsai da shi, ya ce su sun fi mutanen Shelbyville basira nesa ba kusa ba, ya faɗi shawararsa kawai za su amince da ita. Ka ga ke nan an yi mubaya'a tun ba a ji abin da ake mubaya'a a kansa ba. Bayan haka ne ya yaye mayafi daga kan siffar jirgin ƙasa mai tafiya bisa dogo ɗaya, ya nuna taswirar garuruwa uku da ya ce ya riga ya sayar wa irinsa, Brockway da Ogdenville da North Haverbrook, ya kama waƙa. Duk wanda ya kawo tambaya sai ya amsa masa da baiti mai daɗin amo wanda babu hujja a cikinsa, har zauren ya ɗauki amshi gaba ɗaya, aka fito bakin ƙofa ana rerawa. Da Marge ta sake tuna musu titi, ɗanta na cikinta ne ya gaya mata cewa jama'a sun riga sun yanke.

Wannan siffa ta ɗan damfara mai waƙa ba O'Brien ne ya fara ta ba. Ya aro ta, da gangan kuma a fili, daga wasan waƙe na Meredith Willson mai suna The Music Man, wanda aka fara a dandali a 1957, aka mai da shi fim a 1962, inda wani Harold Hill yake sayar wa mutanen wani ƙaramin gari kayan kiɗa da alkawarin koya wa yaransu, alhali bai san kiɗa ba. Sai dai Hill ya tuba a ƙarshe saboda soyayya, garin ma ya yafe masa. Lanley kuwa ba a ba shi ko ƙwayar nadama ba. A ganina hikimar marubucin ke nan, gama da ya bar mazambacin ya tuba, da hankalin mai kallo ya koma kansa, a manta da waɗanda haƙiƙa su ake tuhuma, watau jama'ar da ta ga maslaha a gabanta ta ƙyale, domin maslahar ba ta da ƙyalli kuma ba ta sa maƙwabta hassada.

Ko masu ilimi ba su tsira ba. Da Lanley ya ziyarci makarantar firamare, Lisa, wadda ita ce haziƙar gidan, ta tambaye shi dalilin da zai sa ƙaramin gari wanda mutanensa ke zaune wuri guda ya buƙaci irin wannan jirgi. Ya dube ta, ya yaba tambayar, ya ce zai iya amsawa, amma a duk ajin daga shi sai ita ne za su gane amsar, har da malamar. Yarinya ta yi dariyar jin daɗi, tambaya ta bi ruwa. Jahili an saye shi da waƙa, mai ilimi da yabo, kuma na biyun bai ɗauki rabin minti ba.

Sauran labarin gudu yake yi. Homer ya shiga kwas ɗin direbobi na mako uku, Lanley ya nuna shi da yatsa ba tare da ya duba ba ya ce shi ne direba. Marge ta tarar da wasu namun daji sun yi gida a ma'ajin da ya kamata a sa tukunyar kashe gobara, ta kuma ga littafin Lanley cike da zanen kansa yana gudu da buhunan kuɗi. Ta tuƙa mota zuwa North Haverbrook, ta iske gari ya zama kufai, ga ɓaraguzan jirgi a rataye, mutane suna musun an taɓa yin jirgi a nan. Injiniyan da ya gina shi, Sebastian Cobb, ya shaida mata cewa an yi ha'inci a birki da wayoyi da kome. Suka makara wajen dawowa Springfield don hana tashin jirgin, saboda Cobb ya tsaya aski.

Ranar buɗewa birki ya tsinke, jirgi ya dinga zagaya gari da gudun mil 180 a sa'a, kuma ba a iya yanke masa wuta domin da hasken rana yake aiki. Husufin rana ya tsai da shi na ɗan lokaci, da rana ta washe ya ci gaba. Magajin gari da shugaban 'yan sanda kuwa suna can suna jayayya a kan wanda ke da iko a lokacin masifa, har suka tafi binciken kundin dokokin gari, suka shagala a ciki. Homer ne ya ɓamɓaro wani babban harafi na ƙarfe daga jikin jirgin, ya ɗaura masa igiya ya jefa, ƙarfen ya bi yana farke titin nan da ba a gyara ba, har ya maƙale a wani ƙaton allon tallar donat. Lanley kuma, da jirgin saman da zai kai shi Tahiti ya ya da zango a North Haverbrook, mutanen garin suka shiga suka karɓi bashinsu a jikinsa.

Irin wannan ɓarna, da 'yan wasa na jini da tsoka za a yi ta, da kuɗinta ya fi ƙarfin shirin rabin sa'a. Amma ga mai zane, rushe titi da zana kujera duk alƙalami ɗaya ne, kuma wannan ne ya ba shirin damar ɗaukar gari sukutum ya mai da shi ɗan wasa guda. Ya kamata kuma a yi wa jirgi mai dogo ɗaya adalci, don ba shi da aibi a zatinsa: na birnin Wuppertal a Jamus yana ɗaukar mutane tun 1901. An ma fara neman George Takei, ɗan wasan Star Trek, ya zama babban baƙon bikin buɗewa a cikin kashin, ya ƙi, saboda ya yi aiki a hukumar sufurin jama'a ta kudancin Kalifoniya kuma ba ya son a yi wa harkar ba'a. Sai abokin wasansa Leonard Nimoy ya karɓa.

Da farko ba kowa ya so kashin ba, har cikin masu ba da murya, domin wasu na ganin ya yi nisa da labarin gida da aka san shirin da shi. Yeardley Smith, mai muryar Lisa, ta taɓa sanya shi cikin mafi rauni. Daga baya ra'ayi ya juya, har ya zama da wuya a jera fitattun sassan shirin ba a sa shi kusa da sama ba. O'Brien ya bar ɗakin marubuta a shekarar nan ta 1993, ya karɓi shirin hira na dare a tashar NBC. Phil Hartman, wanda ya ba Lanley murya, ya mutu a 1998, kuma a 2014, a wani biki da aka yi wa shirin a dandalin Hollywood Bowl, O'Brien ya sa tufafin Lanley ya rera waƙar jirgin da kansa domin tunawa da shi.